Albarushi da Mizani: Yadda Awo Ya Koma Nauyi a Ƙasar Hausa

Tsakanin Unguwar Shanu da Kakuri tafiyar da ba ta kai sa'a guda ba ce a mota idan hanya ta yi kyau, gada ɗaya ake hayewa a kan Kogin Kaduna. Amma a sha'anin awo, wuraren biyu kamar ba a ƙarni ɗaya suke ba. A Unguwar Shanu, kamar sauran tsofaffin unguwannin arewacin garin, masara da wake da mudu ake saye, man gyaɗa da kwalba, tumatir kashi-kashi, itace dami-dami. Dabba kuwa, wadda unguwar ta ci sunanta, da ido ake yi mata kuɗi: dillali ya zagaya ta, ya taɓa tozo, ya dubi haƙori, ya faɗi abin da ya gani. Ba a cika cin karo da sikeli ba sai wurin mai gas, ko mai kifi da kajin ƙanƙara, ko 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe. A Kakuri kuwa akwai masana'antar makamai ta ƙasa, inda tun shekarun 1960 ake ɗura albarushi cikin kwanson harsashi, kuma bambancin da ake yarda da shi tsakanin harsashi da ɗan'uwansa bai wuce 'yan miligiram ba.

Hausa ba ta raba waɗannan ayyuka biyu ba. Wanda ya cika mudu ya auna, wanda ya ɗora kaya a sikeli shi ma ya auna. Sai dai ɗaya girman wuri yake aunawa, ɗayan nauyi. Yadda muka taso daga na farko muka nufi na biyu, da dalilin da ya sa har yau muke tsaye a tsakiyar hanya, labari ne da albarushi ya fi kowace haja iya bayar da shi, domin shi ne hajar da kuskuren awonta ba a aljihu yake tsayawa ba.

Ƙasar ƙirga da mudu

Kasuwar Hausa ta ƙarni na 19 kasuwar ƙirga ce. Lokacin da Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, kuɗin gari wuri ne, kuma riyal ɗaya ta azurfa, mai hoton Maria Theresa, tana cin wuri 2,500. Wuri ba a auna shi, ƙirga shi ake yi: dubu zambar ce, dubu ashirin keso ne, kuma ƙirgar kanta sana'a ce mai ci da mutum. Tufa da kamu ake aunawa, goro da ƙwarya, gishiri da kantu. Hatsi kuwa yana hannun ma'auna, waɗanda a kasuwanni da yawa suke da shugabarsu, Korama, ƙarƙashin Sarkin Kasuwa.

Kuskure ne a ɗauki wannan tsari a matsayin ƙauyanci. Mudu yana da wata fa'ida da sikeli ba shi da ita, wato kowa yana iya zama shaida. Mai saye yana ganin kwanon, yana ganin tsororuwar da aka yi masa, yana ganin ko ma'auniya ta tare gefe da hannu ko ba ta tare ba, kuma in ya raina sai ya nemi gyara. Ha'incin mudu, irin su bubbuga gindinsa ya shige ciki ko rage masa baki, abu ne da ido kan iya kamawa. Rauninsa kuma sananne ne: bai san ɗanye da busasshe ba, bai san hatsi mai nauyi da shan-iska ba, kuma kowane gari da nasa. Har gobe kwanon Kano ya fi mudun Kaduna, tiyar Katsina da Maraɗi kuma, wadda kan ɗauki gero kusan kilo biyu da rabi, wata aba ce daban.

Mizani kuwa ba baƙo ba ne, amma gidansa ƙanƙane ne. Kayan da ƙwayarsu ke da tsada su ake ɗorawa a kansa, kuma a gabansu duka akwai zinariya. Ma'auninta miskali ne, wanda asalinsa nauyin dinarin da Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya buga a shekara ta 77 bayan Hijira, wajen 696 ke nan, giram 4.25. Malaman fiƙihu sun ƙaddara shi da ƙwayar sha'ir 72, kuma da shi ake lissafin nisabin zakka, miskali ashirin. Wannan ya sa malami da falke suka haɗu a kan dutsen awo ɗaya. Masu tonon tarihi sun samu duwatsun awo na gilashi a kangon Audagust, a Muritaniya ta yau, shaidar cewa tun kusan shekara dubu da suka wuce ana auna zinariyar Afirka ta Yamma da ma'aunin da Masar ta sani. Marion Johnson, wadda ta yi rubutu a kan miskalin ƙarni na 19 a 1968, ta nuna cewa nauyinsa kan ɗan motsa daga gari zuwa gari, amma sunan da tsarin ɗaya ne daga gaɓar Bahar Rum har bakin kurmi.

Fataken Gwanja, masu kai kanwa da tufa Salaga su dawo da goro, sun ga wani tsarin a ƙasar Asante. A can garin zinariya shi ne kuɗi, kowane magidanci yana da ɗan mizaninsa da jakar duwatsun awo na tagulla, masu siffar tsuntsu ko kifi ko kujera. Cikin ƙananan awonsu akwai ƙwayar wani tsiro da muke kira idon zakara, ja mai ɗigon baƙi. Idan ciniki ya faɗa, mai saye da mai sayarwa kowa zai fito da nasa mizanin da nasa dutsen, a auna nan a auna can, sai an yi daidai. Abin lura shi ne, ba hukuma ce ke tabbatar da awon ba, abokin ciniki ne. Za mu ga abin da ya faru a ranar da sikeli ya zama na mai saye shi kaɗai.

Bindigar toka da awon tafin hannu

Littafin Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743, aka kawo bindigogi daga Nupe, kuma Babba Zaki, daga 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga a matsayin masu tsaronsa. Borno ta riga mu, domin tun ƙarni na 16 Mai Idris Alauma yana da 'yan bindigar da Turkawa suka horar. Duk da haka, yaƙin ƙasar Hausa ya ci gaba da zama na doki da baka da mashi. Jihadin 1804 da kibiya aka ci shi. Sai a rabin ƙarshe na ƙarni na 19 bindiga ta yawaita, lokacin da jiragen Turawa suka fara hawo Kwara, Etsu Masaba na Bida, daga 1859 zuwa 1873, ya zauna a bakin hanyar yana zaɓar wanda zai samu da wanda ba zai samu ba. A Damagaram, Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya wuce nan: a Zinder ana haɗa albarushi, ana kuma zuba igwa. Sarakuna sun fi damƙa bindiga a hannun bayin sarki, kuma zuriyar wannan tsari ce muke gani ranar hawan salla suna cika gari da ƙara da hayaƙi.

Bindigar da ake magana a kai ita ce adaka, ko bindigar toka, wadda masu barkwanci ke kira harba-ka-ruga. Yawancinta ƙirar Birmingham ce a Ingila ko Liège a Beljiyam, an yi ta musamman don kasuwar Afirka, da ƙarfe mai arha. Ta baki ake ɗura ta, kuma ba wanda ya taɓa ɗora albarushinta a mizani. Maharbi kan zuba a tafin hannu, ko a ɗan ƙaho ko guntun gora da ya saba da shi, ya duba da yatsu iyakar inda sandar ɗuri ta tsaya. Awon mudu ne aka mayar cikin bututu.

Me ya sa wannan ya yi aiki shekara da shekaru? Domin baƙin albarushi yana da haƙuri. Saurin cinsa bai cika canzawa ba ko da matsi ya ƙaru a cikin bututu, fiye da rabinsa ma ba ya zama iska, toka da hayaƙi yake komawa. Wanda ya ɗan zarce awo yakan sha naushin gindin bindiga a kafaɗa, ya ƙara wa kansa hayaƙi, amma sau da yawa yakan tsira. Albarushin da Turawa ke kawowa gaɓar teku kuma mai rauni ne, manyan ƙwayoyi, ga danshin tafiya. Haƙurin dai yana da iyaka. A Landan tun 1637, a Birmingham tun 1813, akwai gidajen gwaji inda ake cika bututu fiye da ƙima a harba, in ya jure a buga masa hatimi. Ba kowace bindigar fatauci ce ta bi ta wannan ƙofa da gaskiya ba, kuma wadda maƙerin gida ya kwaikwaya ba ta san da ita ba sam. Maharbi mai dungulmin hannu ba baƙon gani ba ne a ƙauyukanmu, jiya da yau.

Shekarar da tafin hannu ya daina isa

A 1884 wani masanin sinadarai Bafaranshe, Paul Vieille, ya fito da albarushi marar hayaƙi. Bayan shekara biyu Faransa ta yi masa bindiga, Lebel. Ingila ta biyo baya da nata a 1889, wanda Frederick Abel da James Dewar suka haɗa, aka sa masa suna kodayit, ta fara ɗura shi a harsashin sojanta a farkon shekarun 1890. Sabon garin ya ninka tsohon ƙarfi kusan sau uku, ba ya toshe bututu da toka, ba ya tona asirin inda maharbi yake. Da shi ne bindiga mai sarrafa kanta, irin Maxim, ta zama abin dogaro.

Amma halinsa kishiyar na baƙin albarushi ne. Gwargwadon yadda matsi ya ƙaru, gwargwadon yadda yake ƙara saurin ci, saurin cin kuma ya ƙara matsi. Matsin da ke cikin bindigar soja a lokacin harbi ya ninka na iskar tayar mota fiye da sau dubu, saboda haka ɗan ƙarin da ido ba zai gani ba yana iya tsallake abin da ƙarfe zai ɗauka. Sannan iri-iri ne, wani mai sauri wani mai nawa, kuma cikin cokalin wannan ba nauyinsa ɗaya da cikin cokalin wancan ba. Daga wannan lokaci albarushi ya fita daga dangin gero ya shiga dangin zinariya. Wannan ne kuma ya sa maharbin da ya fasa harsashin zamani ya juye garinsa cikin adaka yake riƙe da bam a jikin kuncinsa.

Siyasa ta zo ta ɗora a kan kimiyya. Yarjejeniyar Brussels ta 2 ga Yuli 1890 ta hana sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani da harsashinsu a faɗin yankin da ya kama daga digiri 20 arewa zuwa digiri 22 kudu, ta bar musu bindigar ƙanƙara da albarushin fatauci. An ce don yaƙi da cinikin bayi aka yi. Ko ma mene ne dalilin, sakamakon a fili yake: an tsayar da nahiya guda a zamanin awon tafin hannu daidai lokacin da masu shirin cin ta suka koma miligiram.

Wanda ya fi kowa yunƙurin tsallake wannan katanga shi ne Samori Ture. Maƙeransa sun kwaikwayi bindigar Gras ta Faransa, sojojinsa kuma suna tsince kwanson da aka harba a fagen fama a kai a sake ɗurawa. Ya kuma riƙe Faransawa har 1898. Sai dai Gras bindigar baƙin albarushi ce. Maƙeri yana iya kwaikwayon abin da ya warware ya gani da ido, amma garin Vieille ba a maƙera ake yin sa ba, yana buƙatar masana'antar sinadarai, da ma'aunin zafi, da mizanin da ke jin nauyin ƙura. A ganina, idan ana lissafa dalilan faɗuwar Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, da Sakkwato ranar 15 ga Maris, da Burmi ranar 27 ga Yuli, ana yawan tsayawa a kan Maxim da igwa a manta cewa abin da ke bayansu shi ne iya yin abu dubu ɗari, kowanne daidai da ɗan'uwansa. Jarumta ba ta yi ƙaranci a Burmi ba.

Sikelin kanti

Talakan ƙasar Hausa bai haɗu da sikeli ta hanyar bindiga ba, ta hanyar gyaɗa ya haɗu da shi. Layin dogo ya isa Kano a 1911. Turawa auduga suka sa rai da ita, sai ga gyaɗa ta cika tasha a kakar 1912, saboda tsofaffin fataken goro sun ga riba sun baza yaransu ƙauyuka da kuɗi da gishiri da tufa. Alhassan Ɗantata, wanda ya fito daga wannan gida na fatauci, ya zama mafi girmansu. Kamfanoni irin su Niger Company da John Holt, daga baya UAC a 1929, da Kwarori, duk da tan suke saye, tan ɗaya laba 2,240, a kan manyan sikeloli na ƙarfe ƙirar Ingila.

Manomi ya auna gyaɗarsa da tiya a gida, ya ɗoro wa jaki, ya iso gaban wani ƙarfe mai lambobin da bai iya karantawa ba, akawu ya zura wani ɗan dutse a kan sanda ya faɗi adadi da harshen da ba nasa ba. Tsakaninsa da kanti kuma ga 'yan baranda. Ba sai an yi masa ha'inci ba kafin ya yi zargi, domin ko an yi ko ba a yi ba, ba shi da hanyar sani. Ba kamar falken Salaga ba, shi ba shi da mizaninsa a jaka. Hukumomin sayen amfanin gona da aka kafa a ƙarshen shekarun 1940, waɗanda suka rayu har 1986, sun tsayar da farashi, amma sikelin ya ci gaba da zama a hannun mai saye. Ina ganin a nan ne aka haifi ƙyamar da har yau ta sa uwar gida a Unguwar Shanu ta fi yarda da mudun da take gani a kan kilon da aka faɗa mata. Ba jahilci ba ne, ƙwaƙwalwa ce.

Ɗan mizanin da ke jin rabin ƙwayar shinkafa

A Amurka tarihin ya bi wata hanya. Can doka ta bar ɗan ƙasa ya sake ɗura harsashinsa a gida, kuma tun 1884 kamfanin Ideal ke sayar da kayan yin haka. Da albarushi marar hayaƙi ya shigo kasuwa, sai maharba da masu wasan saiti suka wayi gari suna buƙatar irin mizanin da a da sai mai haɗa magani ko maƙerin zinariya. Kamfanin Ohaus na New Jersey, wanda aka kafa a 1907, ya daɗe yana ƙera wa RCBS da Lyman irin wannan mizani. Ma'auninsu giren ne, kalmar da ma'anarta ƙwaya, daidai da habba ta Larabci, kuma ita ma daga sha'ir ta samo asali. Giren 7,000 ne a laba ɗaya, kuma tun yarjejeniyar 1959 aka tsayar da giren ɗaya a miligiram 64.8. Mizanin mai ɗurin harsashi yana rarrabe kashi ɗaya cikin goma na giren, wato miligiram shida da rabi, abin da bai kai rabin ƙwayar shinkafa ba.

Ƙirarsa ba ta da sarƙaƙiya. Sanda ce mai tsage-tsage, faranti a gefe guda, 'yan duwatsun awo masu zamewa a ɗaya gefen, allura a ƙarshe tana nuna sifiri. Dukan sirrin yana tsakiya, inda sandar take zaune a kan wani ƙarfe mai kaifin wuƙa, kaifin kuma a kan dutse mai santsi da tauri, irin wanda Larabawa ke kira aƙiƙ. Idan kaifin ya dakushe, ko tsatsa ta kama shi, ko ƙura ta kwanta a mazauninsa, sandar ba za ta karye ba, ba za ta yi ƙara ba, za ta ci gaba da ba da amsa. Sai dai amsar ta yau ba za ta zama ta gobe ba. Shi ya sa masu wannan aiki ba sa tambayar ko mizani ya faɗi daidai sau ɗaya. Sukan ɗora abu guda sau biyar ko goma, suna ɗagawa suna mayarwa, su ga ko allura za ta koma wuri ɗaya. Mizanin da ya kauce da adadi guda kullum ana iya gyara shi. Wanda ke kaucewa yadda ya ga dama, shi ne abin tsoro.

Sauran ƙa'idojin duk daga nan suka fito. Ana ajiye shi a kan teburin da ba ya girgiza, a daidaita ƙafarsa har allura ta tsaya a sifiri kafin a fara, a sake dubawa in an matsar da shi ko da taƙi ɗaya. Ba a sa wa kaifin mai, domin mai ƙura yake kira. Ba a barin sanda a kan mazauninta in za a yi tafiya da shi. Ana karanta allura daga daidai tsayinta, ba daga sama ba. Fanka da taga a buɗe abokan gaba ne. An sa masa ɗan maganaɗisu da ke rage lilon sandar ba tare da ya taɓa ta ba. Sama da duka, mai shi yana da akwatin duwatsun gwaji waɗanda aka san nauyinsu, ba a ɗaukarsu da yatsa saboda gumi, kuma da su ake tuhumar mizanin a daidai nauyin da za a yi aiki da shi. Wanda ya san Kaduna zai ga cewa yanayinmu kamar da gangan aka yi shi don wahalar da irin wannan na'ura: hunturu ya kawo ƙura da lantarkin nan da ke sa gashi ya bi mataji, wanda kan sa gari ya manne a farantin roba, damina kuma ta kawo tsatsa.

Ba Turawa ne suka fara wannan tunani ba. Al-Khazini ya rubuta Mizanul Hikma a birnin Marwa wajen 1121, littafi guda a kan yadda ake ƙera mizani mai tsananin ji da yadda ake gane zinariyar da aka yi wa gauraye. Tsohuwar dabarar kama mizani mai faranti biyu wanda hannunsa ɗaya ya fi ɗaya tsawo kuma ba ta tsufa ba: a auna, sannan a musanya, kaya su koma inda dutse yake, dutse ya koma inda kaya suke. In amsa ta canza, mizanin ne ke da magana.

Akwai kuma dalilin da ya sa har yau wasu ke ajiye mizanin sanda kusa da na lantarki. Na sanda nauyi yake gwadawa da nauyi, saboda haka amsarsa ɗaya ce a ko'ina a duniya. Na sifirin da na lantarki kuwa ƙarfin jan ƙasa suke ji, shi kuma ba ɗaya ba ne a ko'ina, ya fi rauni kusa da tsakiyar duniya. Sikelin lantarkin da aka saita a Jamus aka kawo Kaduna ba a sake saita shi ba zai rage kusan giram uku a kowane kilo. Ga mai sayen kifi wannan ba komai ba ne. Ga mai sayen zinariya a hannun masu haƙa a Birnin Gwari ko Anka, kuɗi ne.

Kakuri, da tambayar wa ke auna ma'auni

Nijeriya ba ta bi hanyar Amurka ba. Dokar makamai ta 1959, wadda har yanzu ita ce ginshiƙi, ta kasa bindigogi gida uku, da na soja da aka haramta, da na mutum mai lasisi, da masu ɗuri ta baki, ta kuma hana ƙera bindiga ko harsashi a wajen wuraren da hukuma ta amince da su. Ma'ana, sake ɗurin harsashi a gida ba abin sha'awa ba ne a nan, laifi ne. Awon miligiram na albarushi ya zama na gwamnati ita kaɗai.

Gwamnatin ta gina masa gida a 1964, zamanin da Muhammadu Ribaɗu yake Ministan Tsaro, shekarar da aka buɗe makarantar horar da hafsoshi ta NDA a arewacin Kaduna. Dokar majalisa ta kafa DICON, kamfanin Fritz Werner na Jamus ta Yamma ya kafa injuna a Kakuri, aka fara haɗa bindigogin Beretta na Italiya da harsashi mai milimita 7.62 da mai milimita 9. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya sa masana'antar aiki ba dare ba rana. Bayan yaƙi Jamusawa suka tafi, oda ta ragu, har ta koma yin kayan farar hula, ciki har da kujeru da kayan samar da ruwa a karkara, don ta riƙe ma'aikatanta. An sabunta dokarta a 2023. Abin da zai ba mai karatu sha'awa shi ne, a irin wannan masana'anta ma injin da ke zuba albarushi da ɗan mudu yake aiki, rami ne mai ƙayyadadden girma da ke cika ya juye. Bambancin kawai, a kai a kai ana ɗibar abin da ya zuba a kai gaban mizani, mizanin kuma a kai shi gaban dutsen gwaji, dutsen kuma yana da takardar da ke danganta shi da wani dutsen da ya fi shi, har a tuƙe ga kilo na duniya. Daga 1889 wannan kilo wani curin ƙarfe ne da ke ajiye a kusa da Faris. Tun 20 ga Mayu 2019 an sallame shi, an mayar da ma'anar kilo kan wani adadi na kimiyyar fiziya da ba ya tsatsa.

Wannan silsila, wadda malamin hadisi zai gane ta nan take, ita ce ba ta iso kasuwa ba. Nijeriya ta koma tsarin kilo da mita a farkon shekarun 1970, tare da komawa tuƙin dama a 1972 da naira a 1973, dokar awo da ma'auni ta 1974 kuma ta wajabta a riƙa duba sikelin ciniki a buga masa hatimi. Tsarin mulkin 1999 ya sa awo da ma'auni cikin abubuwan da tarayya kaɗai ke yi wa doka, jeri ɗaya da makamai da albarushi, alhali kula da kasuwanni aikin ƙaramar hukuma ne. Mai ikon duba sikeli yana ƙarƙashin ma'aikatar ciniki ta tarayya, mai karɓar harajin rumfa yana Kaduna ta Arewa, tukunyar gas mai kilo 12.5 kuma tana tsakaninsu, a kan sikelin da mai shago ya saya ya saita da kansa.

A ƙauyukan Birnin Gwari da Giwa da Zamfara kuwa, maharba da 'yan sintiri na tsaron garuruwansu da adakar da maƙerin gari ya yi da bututun ruwa ko sandar sitiyarin mota, suna auna albarushi a tafin hannu kamar 'yan bindigar Babba Zaki, suna fuskantar masu AK-47 da harsashin masana'anta. Layin da aka ja a Brussels a 1890 tsakanin Bature da ɗan Afirka yanzu ya ratsa ta tsakiyar daji ɗaya, kuma wanda ke gefen bindigar toka shi ne mai gona.